Inuwa Ba Baƙa Ba Ce

Ina roƙon Edita ya ɗan ba ni fili a shafukan Hausa na wannan mujalla tamu, in yi magana a kan wani abu wanda na san da yawa cikinmu ba su ɗauke shi a bakin kome ba, watau darasin zane. Na sani tun ban je ko'ina ba wani zai ce, "Af, ashe maganar fenti ce," ya buɗe gaba ya nemi labarin ƙwallo. To, ɗan'uwa, dakata kaɗan. Ni ma bara war haka, da wani ne ya rubuta wannan, haka zan yi masa.

A makarantar Mishan na yi firamare, a wani ƙauye cikin ƙasar Kwali. Malamanmu, Allah ya saka musu da alheri, sun koya mana karatu da rubutu da lissafi da tsabta, ba ni da abin da zan biya su. Amma zane kam, ga yadda a ke yinsa. Ran Juma'a, darasin ƙarshe, sa'ad da kowa ya gaji yunwa kuma ta taso, sai malam ya ɗauki alli ya zana kofi a allo, ko ƙwallo, ko tsani, ya ce mu kwafa. Wanda layinsa ya miƙe ya sami maki takwas, wanda hannunsa ya karkace ya sami uku. A jikin bangon ajin kuwa akwai waɗansu hotuna da aka buga a Turai, da tumaki farare fat kamar an wanke su da sabulu, suna kiwo cikin ciyawar da ba ta taɓa ganin rani ba. Na bar makarantar nan da abu biyu a kaina, ko da ya ke ba wanda ya faɗa mini su da baki. Na ɗauka hoto abu ne da a ke kawowa daga waje, na kuma ɗauka zane shi ne kwafar abin da wani ya riga ya zana.

Ban san ɓarnar wannan ba sai da aka tura mu gwajin koyarwa. Aka ba ni aji huɗu a wata firamare. Wata rana na ce kowa ya zana itace. Ga wata ƙatuwar ɗorawa a bakin taga, rassanta har suna gugar kwanon ajin, amma ko yaro ɗaya bai ɗaga kai ya dube ta ba. Duk suka sunkuya, suka ja sanda, suka ɗora mata wani koren dunƙule kamar alewa mai tsinke, suka maƙala rana a kusurwar takarda da tsinkaye kewaye da ita. Waɗansu har suka ƙara ɗaki mai bututun hayaƙi a kansa, irin wanda ba su taɓa gani ba, ni ma ban taɓa gani ba. Na tara takardu fiye da hamsin, na duba, itace ɗaya ne tak a cikinsu, shi ma ba ya tsirowa a ƙasar nan. Har na fara fushi, sai na tuna ni ma in aka ba ni fensir abin da zan zana ke nan. Yara ba su da laifi. An koya musu su rufe ido ne, mu ne kuwa za mu fita mu ci gaba da koya wa na bayansu, in ba mu yi hattara ba.

Da muka komo kwaleji sai malaminmu na zane ya ba mu aikin zango. Ya ce kowa ya yi hoton fenti guda ɗaya wanda zai nuna shi da jama'arsa, inda ya fito da inda ya kai. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na zauna a ɗaki sati biyu da rula da fensir, na zana kaina ƙato a tsakiya, da kwat da takardar shaida a hannu, na kewaye jikina da baƙin layi mai kauri don kada in gauraya da kome. Can baya na jera 'yan bukkoki da mutane ƙanana kamar tururuwa. Na kai wa malam ina taƙama. Ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Madalla. Wace kujera ka ke nema, kansila ko ciyaman?" Aji ya fashe da dariya. Na ji kunya ƙwarai, amma da na sāke duban abin sai na ga gaskiyarsa, ba abin da ya rage sai a rubuta sunan jam'iyya a ƙasa. Bayan an tashi ya kira ni ya ara mini wani littafi mai hotuna, ya ce in je in duba, kada in kwafi ko ɗaya.

Littafin na waɗansu masu zane ne na ƙasar Faransa. A zamaninsu, watau shekara 150 da 'yan kai da suka wuce, in mutum yana so a san shi da zane a birnin Faris sai ya kai aikinsa gaban waɗansu alƙalai, masu zaɓen hotunan da za a rataye a babban nunin da su ke kira Salon. Alƙalan nan kuwa abin da suka fi so shi ne hoton manya da yaƙe-yaƙe da labarun mutanen dā, wanda aka yi a cikin ɗaki, aka goge shi sumul har ba a ganin sawun buroshi. Waɗansu abokai, su Claude Monet da Renoir da Pissarro da Sisley, da wata mace mai suna Berthe Morisot, suka ga wannan hanya ba ta fisshe su ba. Su abin da ya dame su shi ne haske, yadda ya ke faɗuwa a kan ruwa da gona da titi da tufafin mutane, da yadda ya ke sākewa kafin ka ƙifta ido. Wani ƙaramin abu ya taimake su. A dā masu zane a cikin mafitsarar alade su ke ƙulle fentinsu, in an huda ba ta rufuwa. A 1841 wani Ba'amurke mai zane, John Rand, ya ƙago ɗan kwanon matsawa irin na man goge baki, fenti ya zama abin sawa a jaka. Daga nan fita daji da kayan zane ya yi sauƙi.

A 1874 suka haɗa kai, su wajen talatin, suka yi nasu nunin ba tare da alƙalai ba. Cikin abin da Monet ya rataye akwai hoton tashar jiragen ruwa ta Le Havre da ya yi a 1872. Ba kome a ciki sai hazo, da jar rana tana fitowa, da 'yan kwale-kwale waɗanda ya yi da shafa biyu ko uku. Sunan da ya ba shi da Faransanci ma'anarsa kamar a ce abin da ido ya kama da fitowar rana. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya ɗauki kalmar nan ya yi musu zambo da ita, ya kira su Imfireshanis, watau masu zanen da ba a gama ba. Su kuwa suka karɓi zambon ya zama sunansu, suka yi nuni har sau takwas, na ƙarshe a 1886. Ni dai da Hausa zan kira shi zanen kallon farko, in wani yana da sunan da ya fi wannan ya rubuto wa Edita.

Wanda ya fi kama ni cikin littafin shi ne na tarin alkama. Tsakanin 1890 da 1891 Monet ya tasa waɗansu tarin alkama gaba a gonar maƙwabcinsa a ƙauyen Giverny, masu kama da rumbunanmu, ya zana su wajen sau 25, da safe, da yamma, da kaka, da lokacin ƙanƙara. In haske ya juya sai ya ajiye wannan ƙyalle ya ɗauki wancan. Tari ɗaya, amma ba hoto biyu da suka zo launi ɗaya. An sayar da guda daga cikinsu a birnin New York a 2019 a kan kuɗi fiye da dala miliyan 110. Ban kawo wannan don in sa muku kwaɗayi ba, malamin makaranta da ya sa rai ga irin wannan ya sha zaune. Na kawo shi ne don mu ga abin da duniya ta daraja haka hoton amfanin gona ne, irin wanda mu ke wucewa kullum ba mu ko waiwaya.

To, sai na yi niyyar gwadawa. Na samo kwalin katon na shafe shi da farin fentin bango, na sayi launi biyar, fari da ja da rawaya da shuɗi da baƙi. Da na nuna wa malam sai ya zare baƙin ya sa aljihu, ya ce in zo in karɓa bayan na gama. Na ce, "Ranka ya daɗe, da me zan yi inuwa?" Ya ce, "Je ka tambayi inuwar."

Lokacin hunturu ne. Na zaɓi wata 'yar kasuwar doya a bakin hanya tsakanin Zuba da Madalla, inda a ke hangen Dutsen Zuma sosai. Dutsen nan kowa ya san shi, yana jikin takardar naira ɗari, kuma da an tambaye ni launinsa da na ce ruwan toka, in rantse. Amma da na zauna gabansa tun ƙarfe shida da rabi, sai na ga da farko ba ma dutsen, sai wani abu shuɗi-shuɗi cikin hazo kamar hadarin da bai haɗu ba. Wajen bakwai gefensa na gabas ya kama ruwan goro, ɗaya gefen ya koma shunayya. Kafin tara duk wannan ya tafi, ya zama dutsen naira ɗari. Watau abin da na ke so in kama bai fi sa'a guda da rabi ba a yini, ba halin rula, ba halin gogewa. Ka duba, ka haɗa launi, ka ɗiga, ka wuce.

Sa'an nan na tambayi inuwar, kamar yadda aka umarce ni. Na zura wa ƙarƙashin wani tarin doya ido har hawaye suka zo. Jama'a, ashe inuwa ba baƙa ba ce. A kan jar ƙasar nan shunayya ce, can gefe inda sama ta leƙo ta kuwa har da shuɗi. Shekara ashirin da 'yan kai ina tafe da inuwata a ƙafa, ban taɓa dubanta ba. Wani dattijo ya zo ciniki da farar riga. Na matso farin fenti na ɗora, sai ya fito kamar an manna takarda. Da na ƙara dubawa na ga farin da na ke nema babu shi a jikinsa. Gindin rigar ya ɗauki jan ƙasa, kafaɗu sun ɗauki shuɗin sama, gefen da ke kusa da tiren mai lemo ya yi rawaya-rawaya. Da na sa waɗannan launuka gefe da gefe, ban gauraya su ba, na ja da baya, sai ga farar riga ta fito, har ta fi ta farko fari.

Daga baya na karanta cewa wani masani Bafaranshe, Chevreul, wanda ya ke shugaban marina a masaƙar Gobelins ta Faris, ya yi littafi a kan wannan tun 1839. An kawo masa ƙara cewa baƙin zaren da su ke rinawa ba ya fita sosai. Ya bincika ya tarar rinin lafiya lau ya ke, launin da aka saƙa kusa da shi ne ke sāke shi a ido. Su Monet sun amfana da irin wannan ilmi. Amma fa mu ma ba baƙonmu ba ne. Duk macen da ta ɗora ɗankwali a kan zane a shagon atamfa ta ja baya ta karkata kai, wannan ta ke aunawa. Hausawa kuma sun riga Chevreul, da suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

A nan ne na gane ƙaryar hotona na fari. Na kewaye kaina da baƙin layi, alhali kuwa ba wani abu a jikina da ban ɗauko wurin wani ba. Kuɗin makarantata daga doyar da uwata ta ɗauka zuwa kasuwa suka fito. Hausar da na ke rubutu da ita yanzu wurin 'ya'yan mahautan garinmu na koye ta, muna wasan langa. Turancina na wata malama ce mutuniyar Gabas, wadda ba ta yarda a ce mata an gaji. Lissafin da na ci jarrabawa da shi kuwa, rabinsa na abokin ɗakina ne, mutumin Bida. In aka kankare waɗannan duka, ban san abin da zai saura a cikin kwat ɗin nan ba.

Mutanen kasuwa ma ba su bar ni na yi aikin ni kaɗai ba. Ran farko da suka gan ni da allo da fensir ina duban rumfunansu ina rubutawa, sai wuri ya yi tsit. Suna tsammani ma'aikacin rusau ne ya zo awo, wanda kuwa ya zauna ƙasar nan ya san wannan tsoro ba na banza ba ne. Sai da na juya musu kwalin suka gani, sa'an nan aka yi dariya. Rana ta biyu wata tsohuwa ta tsaya bayana ta daɗe, sa'an nan ta sa yatsa a kan wata mace da na zana da kaya a ka. Ta ce, "Ɗana, kai ɗan ina ne?" Na faɗa mata. Ta ce, "To, uwarka a ka ta ke ɗaukar kaya?" Kai, na so ƙasa ta tsage in shige. Matanmu na Gbagyi, waɗanda Hausawa ke ce wa Gwarawa, a kafaɗa su ke ɗaukar kaya, duniya duk ta sani, ga su kuma suna wucewa gabana da ƙwarya a kafaɗa. Amma hannuna ya zana macen littafin karatu, idona yana kallo bai hana shi ba. Ashe ni ma ɗan aji huɗun nan ne. Na ce, "Baba, na yi kuskure." Ta ce in gyara tana nan tsaye, ba ta kuwa tafi ba sai da kayan suka sauko kafaɗa. Rana ta uku na tarar an ajiye mini benci, wani yaron mota ya ce motar da na zana ta yi tsabta da yawa, mai gasa doya ta ba ni gutsure da manja ta ƙi karɓar kuɗi.

Safiya biyar na yi. Hoton ba gwanin kyau ba ne, kada wani ya zo da dogon buri. Dutsen ya ɗan karkata, sama kuma na cika mata fari. Ba fuskar kowa a ciki, mutane duk shafe-shafen launi ne. Ni ma ina ciki, amma sai an nuna maka. Can gefen hagu, kusa da mai kaya a kafaɗa, akwai shafa uku na shuɗi da ɗigon fari guda, watau yaro da rigar makaranta riƙe da littafi. In ka rufe matar da tafin hannu, shuɗin nan ba ya zama kome.

Yanzu ga ra'ayina. A ganina bai kamata ɗalibi ya fita kwalejin nan da sunan malami ba sai ya taɓa zama a waje, gaban abu mai rai da motsi, ya zana abin da idonsa ya gani, ko da sau ɗaya ne, ko wane fanni ya ke karantawa. Ba don mu zama masu zane ba. Aikin malami rabinsa kallo ne. Wanda ya saba da cewa dutse ruwan toka ne, inuwa baƙa ce, ba ya dubawa, shi ne zai shiga aji ya ce wannan yaro daƙiƙi ne, wancan ɗan ƙabila kaza ne halinsu ke nan, ya kewaye kowa da baƙin layi tun satin farko, ya yi shekara bai sāke duba ba. Yaron da ya yi shiru da safe wataƙila bai karya ba ne, wanda ya lalace a wannan benci wataƙila in ka sāke masa maƙwabci ya farfaɗo. Littafin koyar da tarbiyya ya faɗi wannan duka, na kuwa haddace na ci jarrabawa, amma ban yarda da shi ba sai da farar riga ta ƙi zanuwa.

Abokin ɗakina bai yarda ba. Ya ce wannan zanen malalata ne, wanda ya kāsa miƙe layi shi ke fakewa da hazo. Na ba shi rabin gaskiya. Malami yana bukatar hannu mai tsabta a allo, in zai zana taswira ko zuciya ko furen wake, ban kuwa ce a jefar da rula ba. Amma batun lalaci, na ba shi buroshi na ce ya fitar mini da launin bangon ɗakinmu da la'asar. Har yanzu yana haɗawa.

Wani kuma ya ce abin Turawa ne, mun bar kwafar kofi mun koma kwafar Faransawa. Wannan magana tana da nauyi, ba kuma yau aka fara ta ba. A 1958 waɗansu ɗalibai kamarmu, a kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Damuwarsu ita ce ana koya musu zane kamar a Ingila su ke. Shawarar da suka yanke ita ce a karɓi dabarar waje, a haɗa ta da abin gida. Ba sai mun je Zariya ba ma. Ladi Kwali, wadda ke jikin naira ashirin, mutuniyar ƙasarmu ce. Wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane. Baturen nan Michael Cardew ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, a tsohuwar Abuja wadda a ke kira Suleja yanzu, a 1954 kuma ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a can, ita ce mace ta fari. Ta koyi na'urar juyi da gashi mai zafi da sheƙin Turawa, amma ƙadangaru da kunamu da kifaye da ta ke tsagawa a jikin tulu na Kwali ne. Ba wanda ya ce ta zama Baturiya. Abin da za mu ara wurin su Monet shi ne fita waje da buɗe ido. Hazon hunturu namu ne, ba su da shi.

Masu cewa ga waya a aljihun kowa, mene ne na wahala, sai su tuna nunin nan na 1874 a tsohon ɗakin aikin wani mai ɗaukar hoto aka yi shi, Nadar. Sun san kyamara sarai. Da waya na je kasuwar nan, da na ɗauka cikin daƙiƙa guda na hau mota, ba tsohuwar da za ta gyara mini kafaɗa.

Akwai wani abokina Musulmi, Bazazzagi, wanda mu ke ci kwano ɗaya. Ya ce shi ba ya zana mai rai, saboda abin da malamansa suka karantar da shi. Wannan ba fagena ba ne, ban kuwa ja da shi ba. Ya tafi bayan gari ya zano rumbuna uku da karan dawa da rana tana faɗuwa, ba mutum ba dabba, nasa kuwa ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Ba mamaki, mutumin da ya tashi yana ganin zanen bangon gidajen Zariya da zayyanar allo ba ni zan koya masa launi ba.

Sauran maganar kuɗi, ita ce kullum a ke kashe darasin zane da ita, a ce ba kayan aiki. Gaskiya fentin kanti yana da tsada, ba makarantar ƙauye da za ta saya wa yara hamsin. Amma na gwada na gida a gwajin koyarwa na biyu. Jar ƙasa da farar ƙasa, a tankaɗe a dama da ruwan ƙaro, suna kama kwali sosai. Bula ta wanki tana ba da shuɗi, karan dafi na dukawa yana ba da ja, gangamau yana ba da rawaya, sai dai shi yana koɗewa in ya sha rana. Buroshi kuwa a tauna bakin asuwaki, ko a ɗaure gashin kaza. Na fitar da yara gindin mangwaro na ce kowa ya gaya mini launi nawa ya gani a jikin ganye. Wani ya ce ɗaya, wata ta ce uku, wata 'yar ƙarama wadda ban taɓa jin muryarta a aji ba ta ce bakwai, ta kuwa nuna mini su ɗaya ɗaya. Shugaban makarantar ya leƙo ya ga riguna sun ɓaci, bai ji daɗi ba, ni ma na ɗauki laifin rashin gaya musu su zo da tsumma.

Mu da ke wannan yanki muna da wani dalili kuma na gaggawa. Tun da aka yi dokar kafa sabon babban birni a 1976, gwamnati kuma ta taso daga Ikko a 1991, ƙasar nan ba ta zauna wuri ɗaya ba. Garki da Wuse da Maitama sunayen ƙauyuka ne kafin su zama unguwannin manya, mutanen Wuse na asali da yawa suna Sabon Wuse yanzu, cikin Jihar Neja. Gonar da ka wuce bara, bana gidaje ne. 'Yar kasuwar da na zana, ba ni da tabbacin za ta kai shekara biyar nan gaba. Yaran da za mu koyar su ne na ƙarshe da za su ga waɗansu wuraren nan yadda su ke, ga shi kuwa muna sa su zana bututun hayaƙi.

Don haka ina roƙon Shugaban Kwaleji da malamanmu su duba ko za a ware safiyar Asabar biyu ko uku cikin zango don wannan fita, a kuma daina ba da sa'ar zane aro ga wani darasi duk lokacin da jarrabawa ta matso. Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta nema mana bangon ɗakin cin abinci mu rataye abin da muka yi a ƙarshen shekara, mai kyau da marar kyau, ba alƙalai. In an sami mota, a kai mu Cibiyar Al'adu ta Cyprian Ekwensi da ke Garki mu ga aikin waɗanda suka iya, don da yawa cikinmu ba su taɓa tsayawa gaban hoton fenti na gaske ba, ga shi kuwa tafiyar ba ta kai sa'a guda ba.

Kafin a amsa mana, mu shida mun riga mun shirya fita ran Asabar mai zuwa, ƙarfe shida daidai a bakin ƙofa. Mai so ya zo da kwalinsa da tsohuwar riga. Hotona kuwa yana jingine a ɗakin zane, bayan ƙofa. Wanda ya je gani kada ya sa hanci a jikinsa ya ce ba kome sai dabbare-dabbare, ya ja da baya taki bakwai tukuna. Baƙin fentina har yau yana wurin malam, ban je karɓa ba.